Jan Biro

Jiya da la'asar motar kamfen ta ratso Dukku,
lasifika biyu, ɗaya tana tari.
Ta ci burki a gindin tsamiyar nan
inda mu 'yan fansho muke baje tabarma
muna ƙirga watannin da aka biya mu bana
da yatsun hannu guda, har da ragowa.

Sai ga fuskarka a ƙyalle, Bappayo,
zanna ta zauna, kumatu sun ciko.
Ina tabon nan na gefen gira
da ka samo a aji huɗu
ranar da reshen mangwaron hedimasta ya ƙi ka?
Ni na tare jinin da hankicina.
Mai hoto ya goge shi tas.
Ni dai ban goge ba.

An rubuta ƙarƙashin gemunka: Huɗu a ƙara huɗu.
Wannan lissafin ni na koya maka shi
da marafan kwalba a kan yashi.
Amma ranar da na koyar da ɗebewa
ai kana nan, layin gaba, hannu a sama.

To miƙo littafin.

Kwalbatin hanyar kasuwa ka yi shi, ban ci haƙƙinka ba.
Ruwan Agusta ya bi ta ƙasa,
amalanke ya bi ta sama.
Na ba ka maki.
Ajujuwa biyu sun sami kwano,
sai dai sunanka a bango ya fi allon faɗi,
yara na zaune a siminti suna haɗa baƙaƙensa.

Burtsatse fa?
An kawo inji, an yanka rago, an yi guɗa,
ya yi gurnani kwana uku ya kama hanya.
Bututun na nan tsaye, awaki na sosa baya.
Jikata Dija kafin asuba take fita da jarka,
tana isa aji an gama kiran suna.

Na ji ka a rediyo, sau ɗaya, ban manta ba.
Ka miƙe a zauren majalisa a Gombe
kan garatutin tsofaffin malamai,
murya na rawa kamar ranar hadda.
Na ce wa na kusa da ni: ɗalibina ne.
Aka ce an miƙa wa kwamiti.
Malam Jibir ya jira kwamitin nan shekara biyu,
da bashin likkafani muka kai shi.

Na sani, ludayi aka ba ka,
tukunyar tana wani ɗaki.
Na kuma san ƙofar gidanka da hantsi:
mai takardar asibiti, mai ragon suna,
mai neman kuɗin mota zuwa Kumo.
Mun aike ka yin doka
sannan muka yi layi muka mai da kai banki.
Wannan makin namu za a cire.

Daren jiya yaronka ya yi sallama,
shinkafa, taliya, ambulan siririya,
wai Oga yana gaida Baba.
Na karɓa. Inna ta dafa. Na ci har da ƙari.
Kuɗina ne ya dawo gida a mudu.

Wanda ke neman kujerarka, Hammadu,
shi ma ta hannuna ya bi.
Bayanka yake zama, wuya a miƙe,
har kuskurenka yake kwafewa.
Na saurari alkawuransa shekaranjiya,
bai sauya hali ba.

Saura mako uku.
Katina yana aljihu, jikin takardar fansho,
sun saba da juna.
Jan birona ya bushe, na hura masa numfashi,
na goga a tafin hannu har ya kawo.
A gefen fostarka ban sa sifili ba,
ban kuma rubuta "da kyau" ba.
Abin da na saba rubuta maka na rubuta:

Zo ka gan ni.
Kai kaɗai, ban da jiniya.
Ka taho da tabonka.